Rasuwar Mai Mura, Fedar Jitata

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har wuya, nake zaune da hantsin nan a bakin shagon Kawu ina rubuta wannan sanarwa. Tun da gari ya waye ake yayyafi, irin wanda ba ya jiƙa mutum sosai, kuma ba ya barinsa ya bushe. Katako duk ya sha sanyi, ba ya goguwa, shi ya sa Kawu ya ce in koma gefe in yi abin da zan yi, tunda ko ya ba ni aiki hankalina ba ya wurin.

Ni, wanda kuka sani da Sannu-Sannu, mai goge katako a shagon Kawu, kuma mai kaɗa jita a ƙungiyar Oga idan an samu taro, a madadin kaina da jitata da sauran dangi na ƙarƙashin gado, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar fedar jitata, wadda aka fi sani da Mai Mura. Rai ya yi halinsa a kan teburin mai gyaran rediyo, bayan doguwar jinya da ba wanda ya san tana yi, har da ni da nake kwana a samanta.

Ga waɗanda ba su san marigayiya ba, don ko Umma sai da na yi ta maimaita mata bayani, ɗan akwatin ƙarfe ce, ba ta wuce tafin hannu ba, da maɓalli ɗaya da ake takawa da ƙafa. Wayar jita ta shiga ta wannan gefe, wata wayar ta fita ta wancan zuwa lasifika. In ba ka taka ba, jita tana magana da muryarta ta gado. In ka taka, sai ka ji ƙyat, 'yar jar fitila ta kama, murya ta canja. Ta marigayiya kuwa murya ce mai kauri, a dushe, kamar babban mutum da ya kwana da mura ya tashi yana yi wa yara faɗa a hankali. Mai ganga ne ya raɗa mata sunan don tsokana, sunan kuma ya zauna.

Ba sabuwa na same ta ba, riƙonta na yi. Wani dattijo da ya daina kiɗa ne ya ba ni ita, ranar da na je na gyara masa ƙofar ɗaki da ta ƙi rufuwa. Fentinta ya riga ya goge a wurin da ake takawa, sukurori biyu na cikinta ma ba nata ba ne. Da ya miƙo min ita abu ɗaya ya ce, wai in yi haƙuri da ita, tana da zaɓen abinci. Na yi dariya a lokacin, don ban san dattijon ba ya wasa ba.

Duk wanda ya zauna da Mai Mura zai shaide ta da abu biyu. Na farko haƙuri. Tun da take, taka ta ake yi, da takalmi mai laka da marar laka, ba ta taɓa kai ƙara ba. An taɓa zubar mata da lemo a ka, ta sha ta yi shiru. An taɓa mantawa da ita a bayan motar kaya ta wuni a rana, da aka dawo da ita ta kama aiki ba tare da ta tambayi inda muka shiga ba.

Na biyu kuma, wanda ya fi girma, rufin asiri. A nan sai na ɗan tsaya na share ido. Jama'a, yatsuna na mai goge katako ne, kaurara, kuma da girmana na koyi jita, da kallon hannun mutane. In waƙa ta yi sauri, yatsuna sukan iso bayan kowa ya wuce. To duk inda na zame, sai marigayiya ta yi gurrraaau, ta haɗiye kuskuren ta fito da shi kamar da gangan aka yi. Mutane su yi ta gyaɗa kai suna cewa yaron nan yana da salo. Ni kuma in sunkuyar da kai kamar mai tawali'u, alhali ƙasa nake kallo ina gode mata. Oga da bakinsa ya faɗa ranar da ya ɗauke ni, cewa muryar nan yake so a ƙungiyarsa. Bai ce komai a kan hannuna ba, ni ma ban tambaya ba. Kuma kowa ya san akwai wani saurayi da muke kira Mai Jaka, mai fedoji jere a kan allo kamar kayan kanti, wanda ya daɗe yana zuwa gaishe da Oga ba tare da wani dalili ba. Kujerata yake gaisarwa. Abin da ke tsakaninsa da ita, ɗan akwatin nan ne kawai.

Aibinta ɗaya, in ma aibi ne, shi ne wanda dattijo ya faɗa. Batir take ci, irin ɗan mai kusurwa huɗun nan mai kawuna biyu a sama, wanda ake rubuta lamba tara a jikinsa. Da farko, saboda ƙauna, na sayo mata mai tsadan, wanda aka ce yana daɗewa. Tana ci ta koma wata iri. Tsiiii, murya siririya mai tsini kamar an taka wutsiyar kyanwa, kowane kuskurena ya fito fili da rigarsa da hularsa. Na gwada mata mai caji. Shi kuma ba laifi, sai dai ba ya sallama in zai tafi. Kana tsakiyar waƙa, amarya ta taso, sai ɗif, kamar an hure kyandir, ka tsaya kana kaɗa iska. Na ce to bari a huta da batir, na haɗa ta da wutar bango ta adafta. Ranar zuuuu ta kama yi ba tsayawa, Oga ya yi ta leƙa bayan lasifika yana neman inda ƙudan zuma suka yi gida.

Yadda na gano abin da take so, ba dabarata ba ce. A wani taro ne batirina ya ƙare ana gab da farawa, sai mai hayar makirfo ya laluba aljihu ya miƙo min wani ɗan araha da ya cire daga makirfonsa don ya yi sanyi. Ya ce in lallaɓa da shi kafin a samo na kirki. Na saka, na taka. Wallahi har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. Murya ta fito a kwance, mai taushi, tana ɗan karyewa a ƙarshe kamar mai shirin kuka. Masu raba abinci a can baya sai da suka juyo. Ashe marigayiya ba ta son batir mai jini a jika. Tana son ɗan araha wanda ya ga duniya, ya gaji, amma bai mutu ba.

Daga nan rayuwata ta canja. Sabon batir ko'ina akwai shi, amma gajiyayye daidai gwargwado ba a sayar da shi a kanti. Sai na ɗaura abota da mai hayar makirfo, ya riƙa tara min waɗanda ya cire a cikin gwangwanin madara. Duk farkon mako in je in zauna a bencinsa, in ɗora gwangwani a cinya, in riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya ina ɗora kawunan biyu a harshe. Na san akwai mitar da ake gwadawa da ita, amma mita lamba take nunawa, ba ta san ɗanɗano ba. Wanda ya harbe ka har ka runtse ido, yaro ne, a mayar da shi makirfo ya ƙara ganin duniya. Wanda ka ji kamar ka lashi cokali, ya gama nasa, sai addu'a. Wanda ake nema shi ne mai ɗan tsami-tsami a hankali, kamar lemun tsamin da aka cika wa ruwa, wanda zai ɗan motsa maka harshe ya sake ka. In na samu irinsa sai in naɗe shi a takarda in sa a aljihun gaba.

Na sha magana a kan wannan. Mai hayar makirfo ya roƙe ni in riƙa juya wa titi baya, don masu zuwa haya sun fara tambayarsa ko ɗan'uwansa ne, kuma ko ana yi masa magani. Umma kuwa, in maƙwabta suka tambaye ta ina na shiga, ba ta ɓoyewa, sai ta ce yana can wurin lasar batir, 'ya'yan wasu kuma suna ofis. Duk na shanye. Wanda yake da mai rufa masa asiri, ai ba ya jin nauyin nemo mata abinci.

A nan ya kamata in ambata, don tarihi, cewa mai hayar makirfo ya taɓa ja min kunne. Ya ce 'yan arahan nan in suka ƙare sarai aka bar su a ciki, amai suke yi, kuma amansu yana cin ƙarfe. Na ce masa to, irin to ɗin da nake ce wa Umma in ta aike ni ina kan jita.

Ajali ya zo ne a siffar alheri. Ana gab da fara ruwan damina na ci karo da wani batir a gwangwani wanda ban taɓa ɗanɗana irinsa ba. Takardar jikinsa ta ɗan yage, ba shi da wani kwarjini, amma da na ɗora shi a harshe sai na ji kamar an kira sunana a hankali. Taron da muka yi da shi, ko mai ganga da ba ya yabon kowa sai da ya ce yau Mai Mura ta sha zuma. Da muka tashi na so in cire shi, sai na tuna wani mai kyau da na taɓa cirewa ya shige cikin 'yan uwansa a gwangwani, na yi ta lasa har harshena ya mutu ban ƙara gane shi ba. Na ce wannan karon ba za a raba su ba. Na tura ta ƙarƙashin gado da shi a cikinta. Wayar ma ban zare daga bakinta ba, alhali na sani sarai in dai waya na bakinta ci take yi, ko da fitilarta a kashe.

Sai ruwa ya sauka, taro ya yi wuya, Kawu kuma ya samu aikin teburan wata makaranta, muka dukufa. In na dawo gida ko takalmi da ƙyar nake cirewa. Ina kwance a sama ina minshari, ita tana ƙasa tana fama, ba ta ko yi tari ba. Halinta ke nan.

A farkon makon nan Oga ya aiko cewa an samu babban aiki ran Asabar a zauren wani otal, kuma in mun burge su, duk wata za su riƙa kiranmu. Na durƙusa na jawo ta, na hure ƙura, na haɗa, na taka. Ƙyat ɗin ya fito, fitila ba ta kama ba. Na ƙara takawa. Sai wani fff, kirr, kirr, can ƙasa-ƙasa, kamar mai son ya faɗi wasiyya an rufe masa baki. Da na kwance cikinta, abin da na gani ba zan so maƙiyina ya gani ba. Batirin nan ya kumbura ya fashe ta gefe, wani farin gari kamar gishiri ya bi ko'ina, wayoyin ciki sun yi kore, ga wani wari mai hawa kai.

Na naɗe ta a tsohuwar rigata na kai ta wurin mai gyaran rediyo. Bawan Allah ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya kankare, ya goge da buroshin haƙori, ya ɗiga dalma a nan da can, ya sa mata sabon batir. Ya ce in taka. Na taka da hannu, don ƙafata ta ƙi. Ta ce gur, sau ɗaya, gajere. Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba. Ya cire tabarau ya ce ruwan batir ya cinye hanjin, kuma kayan cikin masu shekarunta an daina yin su. Ya tambaye ni wane marar imani ne ya bar mata wannan abu a ciki. Na ce masa ana kan bincike.

Binciken ya kammala. Ya nuna cewa wanda ya aikata makusancin marigayiya ne, kuma shi ya fi kowa kuka. Iyali sun yanke shawarar a bar maganar a cikin gida.

Ta rasu ta bar aminiyarta jita, wadda tun ranar take magana tsirara, abin kunya. Ta bar wayoyi biyu, ɗaya lafiyayyiya, ɗaya sai an murɗa wuyanta take aiki. Ta bar ƙaramar lasifika mai yagaggiyar fuska. Ta bar gwangwani guda na gajiyayyun batura, marayu, waɗanda duk duniya ba mai cin su sai ita. Ta kuma bar ƙafata ta dama, wadda har yanzu in waƙa ta zo wurin wuya sai ta ɗaga da kanta ta taka siminti.

Muna godiya ga waɗanda suka riga suka yi ta'aziyya. Umma ta ce Allah ya ba da haƙuri, sannan ta tambaya ko yanzu harshena zai samu hutu. Mai ganga ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce babban rashi ne, amma ko ba komai yanzu za a san wanda yake kaɗa jitar tun da can. Mai Jaka ma ya zo, kuma in faɗi gaskiya ya yi halin girma, ya ara min ɗaya daga cikin fedojinsa, sabuwa fil mai cin kowane irin batir. Na gwada ta a ɗaki. Irin masu gaskiyar nan ce, duk abin da ka yi sai ta faɗa da ƙarfi. Na mayar masa da ita da godiya.

Oga shi ne bai yi doguwar magana ba. Ya ja ni gefe ya ce, "Sannu-Sannu, ni ba na ƙinka, ka sani. Amma Asabar ba wurin koyo ba ce. Ka zo gwaji ran Alhamis da jitarka yadda take. In ta yi, to. In ba ta yi ba, Mai Jaka na nan."

Kwanakin da suka biyo baya, in an rufe shago sai in zauna a kan teburin da ba a gama ba in yi ta maimaitawa. Kawu ya jure na ɗan lokaci, daga baya ya leƙo ya ce in ba damuwa in koma kan zarto, ya fi daɗin saurare.

Game da jana'iza, ga yadda aka tsara. Na haɗa mata ɗan akwati da ragowar katakon teburan makaranta, na goge shi har yana ɗaukar ido, don wannan aikin kam ba na bukatar mai rufa min asiri. Za a shimfiɗa mata tsohuwar rigar da aka kai ta asibiti a ciki. Ba za a haƙa rami ba. Za a ɗora ta a kan kanta ta sama a shagon Kawu, tsakanin gwangwanin ƙusa da tsohuwar rediyonsa, inda ruwa ba ya kaiwa kuma ba mai taka ta. Batirin da ya yi ajalinta za a miƙa shi ga masu sayen tsofaffin ƙarafa tare da marayun gwangwani, ba rakiya. Akwai shayi, amma kofuna kaɗan ne, wanda yake da nasa ya taho da shi. Ana roƙon masu zuwa, don Allah, kada kowa ya kawo batir a matsayin gudummawa, sabo ko tsoho. Zuciya ba za ta ɗauka ba, kuma ina tsoron in lasa a gaban mutane.

Ranar kuwa, da farko na sa Asabar da yamma, don na riga na san ba ni da aikin komai a lokacin. Yanzu an ɗaga zuwa Lahadi bayan la'asar. Ina ba waɗanda na riga na gaya wa haƙuri, ga kuma dalili.

Jiya Alhamis muka yi gwajin, a garejin da ke bayan gidan Oga. Mai Jaka yana zaune a bakin ƙofa a kan jakarsa, wai ruwa ne ya tare shi. Waƙoƙin farko na lallaɓa, ina ɓuya a bayan ganga. Sai muka zo wadda a tsakiyarta kowa yake yin shiru, jita ta hau sama ita kaɗai. A can ƙololuwa akwai wurin da ɗan ƙaramin yatsana bai taɓa isa a kan lokaci ba. Kowa ya tsaya. Na fara hawa, ƙafata ta ɗaga ta taka siminti, yatsa ya tafi ya sauka a gidan maƙwabta.

Daidai nan na ji gurrrum daga gefen hagu.

Mai fiyanon ƙungiyarmu ne. Mutum ne mai 'ya'ya manya, ba ya shiga hirarmu, tun da na shiga ƙungiyar daga "ina kwana" sai "sai gobe" ke haɗa mu. Ya saki hannunsa na hagu a kan maɓallan ƙasa masu kauri, daidai kan kuskurena, idonsa na kan taga kamar mai duba ko ruwa ya tsaya. Da muka maimaita na sake zamewa, ya sake saki. Duk inda na faɗi, yana nan kafin a ji ƙarar faɗuwar.

Oga ya ɗaga hannu aka tsaya. Ya dube ni, ya dubi mai fiyano, ya daɗe yana sosa gemu. Sannan ya ce wannan sabon abin da muka haɗa mu biyu ya yi, mu riƙe shi haka. Ya ce min Asabar in zo da wuri, kuma in goge riga. Mai Jaka ya leƙa waje ya ce ashe ruwan ya tsagaita.

Da ake tattara kaya na matsa kusa da mai fiyano. Yana durƙushe yana naɗe wayarsa a gwiwar hannu. Na tsaya a kansa ina juya maganar a baki, ina neman ta inda zan fara, kun san ni da saurin magana. Bai ɗago ba.

Ya ce, "Ɗaga ƙafarka, ɗan'uwa, ka taka min waya."

Na ɗaga. Ya ƙarasa naɗewa, ya saɓa fiyanonsa a kafaɗa, ya fita.